Yadda Zanen Ƙwayar Kwamfuta Ya Koma Rubutu

Abin da ake nufi da ƙwayar kwamfuta a wannan maƙala shi ne ɗan ƙanƙanen ɓallin nan na silikon, wanda sau da yawa bai wuce faɗin farce ba, wanda kuma shi ne ke yin lissafi a cikin kwamfuta da wayar hannu. A kansa ake jera transista, watau 'yan makunnai masu buɗe wa lantarki hanya ko su rufe ta.

A shekarar 1971, lokacin da kamfanin Intel ya fito da ƙwayar 4004, transista 2,300 ne a kanta, kuma da hannu aka zana taswirarta. Ƙwayar M1 ta kamfanin Apple kuwa, wadda ta fito a 2020, tana ɗauke da biliyan 16. Da mutum zai riƙa zana ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya haura shekara 500 bai gama ba.

To, yaya ake yi ke nan? A nan ne lamarin ya shafi masu nazarin harshe. Injiniya a yau rubutu yake yi. Akwai harsuna da aka ƙaga musamman domin wannan aiki, irin su Verilog na 1984 da VHDL wanda aka daidaita ƙa'idojinsa a 1987, kowanne da nahawunsa. Alal misali, zai rubuta cewa in an ba ƙwayar lambobi biyu ta haɗa su, ta ajiye amsar a wuri kaza. Daga nan sai manhajoji, irin na kamfanonin Synopsys da Cadence, su fassara wannan bayani zuwa da'irori, su sama wa kowace mazauni, su ja wayoyin da za su sada su. Taswirar da ta samu ita ake aika wa masana'anta, kamar TSMC ta Taiwan.

Sai dai wannan rubutu ba ya karɓar gyara bayan bugu, shi ya sa aikin tantancewa kan ci lokaci mai yawa kafin a kai ga masana'anta. A 1994 an gano cewa ƙwayar Pentium tana yin kuskure a wasu lissafe-lissafen rabawa, saboda wasu 'yan gurabu da aka bari wayam a wani jadawali da ke cikinta. Musanya wa jama'a ƙwayoyin ya ci wa Intel dala miliyan 475.