Gargaɗi Ga Masu Kyanwa Mai Teɓa: A Ajiye Almakashi, A Ɗauke Dettol

Duk wanda ke da kyanwa a gida, ta yi teɓa har ciki na neman jan ƙasa, gashin bayanta ya fara dunƙulewa, gindin wutsiyarta na wari, kuma da an kai hannu sai ta kawo cizo, to ya dakata tukuna. Kada a sa mata almakashi ko reza. Kada a wanke ta da Dettol ko Izal. Kada a shafa mata fiya-fiya, Sniper, kananzir ko baƙin mai. Kada a ba ta farasitamol ko maganin barci don ta lafa, kada kuma a hana ta abinci wai don ta rame. Dauɗar da ke jikinta takan yi makonni kafin ta kwantar da ita. Waɗannan kuwa, wasunsu kwana ɗaya ya ishe su gamawa da ita.

Kafin a ce mata ƙazama, a san yadda abin yake. Kyanwa mai lafiya takan kashe sulusi zuwa rabin lokacin da take a farke wajen lasar jikinta. Harshenta cike yake da 'yan ƙayoyi masu lanƙwasa baya, da su take tajewa, da su take wanka. Sai dai harshe ba ya aiki sai inda wuya ya kai shi. Wadda ya kamata ta tsaya a kilo 4, idan ta kai 6 ko 7, tumbinta ke tokare ta, ba ta iya naɗe jiki ta kai baki tsakiyar baya, gindin wutsiya, dubura da matse-matsin cinyoyi. Shi ya sa za ka ga fuska da ƙafafun gaba fes, amma daga ƙugu zuwa baya gashi ya yi maiƙo, ga amosani, ga kashi ya bushe a jikin gashi.

Masu sayen kyanwar Farisa mai dogon gashi, wadda ake yayi yanzu a gidajen masu hali a Kano, Kaduna da Abuja, nasu ya fi tsanani. A 2018 wasu masu bincike a Cibiyar Fasaha ta Jojiya da ke Atlanta a Amurka sun auna ƙayoyin harshen kyanwa da kaurin gashin nau'o'i daban-daban, suka gano cewa gashin ta Farisa ya fi ƙarfin harshenta. Ko ba ta da ƙiba, ƙayoyin ba sa ratsa shi su kai ga fata. Wanda ya saye ta ya sayi aikin taza na kullum, kuma ba kasafai mai sayarwa ke faɗin wannan ba.

Cizon da take kawowa ma ba mugun hali ba ne. Kyanwar da a da ta Lami ce, ba cizo ba yakushi, ba ta komawa mafaɗaciya haka kawai. Dunƙulen gashi kullum ƙara tsukewa yake yi, yana jan fata a duk motsin da ta yi. Macen da ta taɓa kwana da kitson da aka ja fiye da kima ta san wannan zafi, sai dai na kyanwar watanni yake yi ba a tsefe ba. Ga kuma ciwon gaɓɓai da nauyi ke ƙara wa wuta. A 2002 likitocin dabbobi a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa sun duba hoton ƙashin kyanwowi 100 da suka haura shekara 12, suka tarar 90 daga ciki gaɓɓansu sun fara lalacewa. Kyanwa ba ta ɗingishi irin na kare, ɓoye ciwo take yi. Alamar da za ka gani ita ce ta daina hawa katanga, ta daina gyara jikinta, ta tsani a taɓa mata ƙugu.

Wannan ba ya nufin a zuba ido. Ƙarƙashin dunƙulen iska ba ta shiga, danshi ke taruwa, fitsari na cin fata har ta yi ja ta saɓule. Da bazara ta shigo, ko damina ta zauna, sai ƙudaje su biyo warin. Ƙwan da suka zuba yakan ƙyanƙyashe cikin ƙasa da kwana ɗaya idan ana zafi, tsutsa ta kama cin nama a ɓoye ƙarƙashin gashi, mai gida bai sani ba sai wari ya cika ɗaki. Akwai kuma batun tsarki. Jikin kyanwa da bakinta ba najasa ba ne a wajen malamanmu, amma kashinta da fitsarinta najasa ne, kuma wadda ke yawo da su a gashi a kan darduma da gadon yara take zama.

To a nan ne mutane ke yin gyaran da ya fi ɓarnar muni. Hantar kyanwa ba irin tamu ba ce, ba ma irin ta kare ko akuya ba ce. Tana da ƙarancin wani sinadari da hanta ke amfani da shi wajen warware wasu magunguna ta fitar da su daga jiki, don haka abin da jikin yaro zai kawar cikin awoyi, a jikinta taruwa yake yi. Dettol da Izal na cikin wannan sahu. Kuma duk abin da aka shafa wa kyanwa, a ɗauka an ba ta ne a baki, domin sai ta lashe inda harshe ya kai, sauran kuma fata ta tsotse. Bakinta ya ƙone, yawu ya yi ta dalala, hanta ta taɓu. Farasitamol ya fi su sauri: ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 na iya kashe babbar kyanwa. Yakan ɓata jini ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Maganin barci na mutane ma akwai wanda ke lalata mata hanta.

Fiya-fiya da Sniper ba sai an tsaya bayani ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da danginsa barkatai a kasuwanni da kantuna saboda rayukan mutane da ya ci, amma har yanzu akwai mai ɗiga shi a ruwa ya wanke dabba don kashe ƙuma. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne maganin ƙuma da kaska na karnuka, wanda ke ɗauke da sinadarin famitirin, shi ma guba ne ga kyanwa. Rawar jiki yake sa ta, sannan farfaɗiya. A karanta jikin kwalba, idan ba a rubuta na kyanwa ba ne, a bar shi. Man zafi irin su Robb ma kada ya kusance ta.

Idan aikin gama ya riga ya gama, an shafa mata ɗaya daga cikin waɗannan, a wanke wurin nan take da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke mai ruwa, a ɗauraye sosai, a goge ta, a nufi asibitin dabbobi da kwalbar a hannu. Ɗura manja ko madara ba ya karya wannan guba, yana dai iya shaƙe ta. Idan kananzir ne, sa ta amai na iya kai shi huhu.

Almakashi kuma. Fatar kyanwa siririya ce, sako-sako take, kuma dunƙulen yakan jawo ta sama ta shige cikinsa. Mai yanka yana ganin gashi yake yankewa, sai ya ga jan nama ya buɗe, rauni mai buƙatar ɗinki. Dunƙulen da ya manne da fata aikin kilifa ne a hannun likitan dabbobi, bayan ya auna nauyinta ya yi mata allurar da za ta kwantar da ita. Kada a ari kilifar mai aski: tana zafi ta ƙona fata, ƙararta na firgita dabba, kuma idan akwai makero a jikin kyanwar, an kai shi kan mutane ke nan.

Wankan dole a baho, mutum uku sun danne ta, shi ne na fi tsoro. Ruwa ƙara tsuke dunƙule yake yi, ba ya warware shi. Mai ƙiba kuma numfashinta dama ba shi da yalwa, wasu na da ciwon zuciya a ɓoye, kokawar minti kaɗan a zafin Afrilu na iya sa ta faɗi. Kama ta ta fatar ƙeya a ɗaga sama, uwa ce ke yi wa jarirai masu nauyin giram ɗari kaɗan. Dabba mai kilo 6 azaba ce gare ta.

Shi ma mai riƙon yana cikin haɗari. Haƙoran kyanwa sirara ne, sukan nutse har jijiya ko gaɓa su bar ƙwayoyin cuta a can, bakin raunin ya rufe kamar ba komai. A asibitin Mayo Clinic na Amurka an bi diddigin mutum 193 da kyanwa ta ciza a hannu tsakanin 2009 da 2011, kusan ɗaya cikin uku sai da aka kwantar da shi, da yawansu har da tiyata. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya je asibiti a ranar, ba sai ya kumbura ba. Idan kyanwar na fita waje kuma ba a yi mata rigakafin ciwon haukan kare ba, a faɗa wa likita, domin kyanwa na ɗaukar cutar tana kuma yaɗa ta. Kada a sa yara ko 'yar aiki wannan aiki don kawai su ne ba sa musu. Mace mai juna biyu kuma ta nisanci kashin kyanwa gaba ɗaya, akwai cutar da ke bi ta nan ta illata ɗan tayi.

Abin da za a iya yi a gida kaɗan ne, kuma da kaɗan-kaɗan ake yin sa. A bari sai ta ci ta kwanta, ɗaki shiru, ƙofa a rufe. A fara da shafa kumatu da haɓa, inda take so, sannan a gangara baya da mataji mai faɗin haƙora. Minti ɗaya ko biyu ya isa. Da wutsiya ta fara kaɗawa da ƙarfi, kunnuwa suka kwanta, ko fatar baya ta fara motsi, a sake ta, gobe ma rana ce. Wanda ya saki tun kafin cizo, gobe za ta ƙara masa lokaci. A ba ta ɗan yankin dafaffen kaza ko kifi marar gishiri a ƙarshe, don ta haɗa mataji da abin daɗi. Ƙaramin dunƙule, a riƙe gindinsa da yatsu don kada a ja fata, a barbaɗa ɗan garin sitacin masara, a riƙa tsefewa daga bakin gashi. Don dubura, a sa safar hannu, a jiƙa tsumma mai laushi da ruwan ɗumi zalla, a ɗora a kan busasshen kashin ya yi laushi, a goge, a tsane wurin da busasshen ƙyalle har cikin ninkin fata. Idan dole sai an riƙe, a lulluɓe gabanta da babban tawul ba tare da matse ƙirji ba, wani ya goge bayan da sauri. A duba faratan ma, na masu ƙiba da tsofaffi kan lanƙwashe su shige tafin ƙafa. Bahon yashin da take bayan gida ya zama mai faɗi, bakinsa ƙasa-ƙasa, a kwashe shi kullum.

Akwai abubuwan da ba sa jiran gobe: ganin tsutsa ko rauni mai wari, numfashi da baki buɗe, cikin kunne ko dasashi ya yi ruwan ɗorawa irin na shawara, ko ta yi kwana biyu ba ta ci ba. Muzuru mai ƙiba da ke ta tsugunno yana nishi fitsari bai fita, kada a ce cushewar ciki ce. Mafitsara ce ta toshe, kuma yana iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku. Yawan shan ruwa da yawan fitsari kuwa na iya zama alamar ciwon suga, wanda ƙiba ke ninka haɗarinsa. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, Jami'ar Usmanu Danfodiyo Sakkwato da Jami'ar Maiduguri, ga kuma asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan birane. A kai ta cikin kwando mai murfi da iska ke shiga, a rufa ƙyalle a kai, a guji tsakar rana. A gaya wa likita tun kafin zuwa cewa tana faɗa, akwai maganin kwantar da hankali da shi kaɗai ya san awonsa.

Tushen matsalar dai ƙibar ce, amma horon yunwa kisa ne. Idan kyanwa mai teɓa ta yi 'yan kwanaki ba ta ci, kitsen jikinta kan kwararo hanta fiye da yadda hantar za ta iya sarrafawa, ta cushe ta daina aiki. Ragin da ke da aminci bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinta a mako ba. Ga mai kilo 6, wajen giram 60 zuwa 120 ke nan, don haka aikin watanni ne, wani lokaci shekara. A daina barin kwano cike yini guda, a auna abincin rana a raba shi uku ko huɗu. A cire tuwo, shinkafa, madara da ragowar miya, musamman da yake albasa da tafarnuwa na lalata mata jini. Wadda aka fiɗiye ba ta buƙatar abinci kamar da. A auna ta duk mako: mutum ya hau sikeli da ita, ya sake hawa shi kaɗai, a cire. Mutum ɗaya a gidan ya riƙe ragamar ciyarwa, domin idan uwar gida ta rage, kaka da yara na miƙa mata kan kifi ta bayan fage, ba inda za a je. Idan aka sauya mata abinci ta ƙi ci yini guda cur, a mayar mata da wanda ta saba, a kira likita.