Ɗan Karkara a Ƙungurmin Daji: Daga Gonakin Tofa Zuwa Duwatsun Riruwai



Na san wasu za su yi mamakin abin da ya kai malamin Hausa ga zancen hawan dutse da namun jeji. To, kalma ce ta kai ni. Wata rana a aji na nemi a faɗa mini bambancin da ke tsakanin saura da daji da ƙungurmi. Wani saurayi mutumin Tofa, mai ƙoƙari ƙwarai, ya tashi ya ce shi kam a littafi ya san su. Ya san gona, ya san fadama, ya san burtali, amma bai taɓa tsayawa a wurin da zai waiga gabas da yamma bai hangi rufin ɗaki ko shingen wani ba. 'Yan birni suka yi masa dariya, alhali kuwa gaskiya ya faɗa, su ma kuma ba su fi shi sani ba.

Dalili a fili yake. Tofa tana yamma da birnin Kano, cikin yankin nan mai cunkoson jama'a wanda Michael Mortimore ya yi nazarinsa tun shekarun 1960. A nan ƙasa ba ta hutawa. Kowace damina sai an nome ta, ana raya ta da takin gida da wanda ake ɗaukowa daga birni. Itatuwan da ke tsaye, watau gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya, kowanne da mai shi, kuma da gangan aka bar shi. Namun da suka rage su ne kurege da gafiya da bushiya da ɗan zomo. Saboda haka mutumin wannan yanki gwanin tafiyar ƙafa ne, yana iya yin mil goma zuwa kasuwa bai zauna ba, amma tafiya ce a ƙasar da ko'ina akwai rijiya da inuwa da wanda za a yi wa sallama. Ranar da aka ɗauke masa waɗannan uku, ƙarfin ƙafarsa ma yana iya zame masa tarko, don zai yi nisa kafin ya gane ya ɓata.

Ba wai dutse baƙo ne a tarihinmu ba. Labarin Kano da Dala ya fara, da Barbushe da Tsumburbura, kuma an sami shaidar narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7. Zazzagawa suna da Kufena, Zamfarawa suna da Kwatarkwashi. Amma kakanninmu sun hau dutse ne don tsafi ko tsaro ko farauta. Hawa don nishaɗi kawai, a Ingila na fara ganinsa, lokacin da nake karatu. Ranar Asabar sai in ga dattawa sun sa manyan takalma, sun rataya jaka da taswira, sun nufi tuddai cikin yayyafi, ba kasuwa ba biki. Da farko na ɗauka rashin aikin yi ne. Daga baya na ji cewa sai da suka yi gwagwarmaya kafin su sami wannan dama: a 1932 ma'aikata ɗaruruwa suka kutsa tudun Kinder Scout da masu ƙasa suka killace, har aka ɗaure wasu, kuma sai a 1951 aka mai da yankin gandun shaƙatawa na ƙasa. Mu da ake girbe gona a bar ta kowa ya ratsa, ba mu san mun riƙe wani abin arziki ba. Abin da na koya daga gare su shi ne, ba sa fita sai sun faɗa wa wani inda za su da lokacin da za su komo.

Ga mutumin Jihar Kano, dajin gaske yana kudu. Dajin Falgore, wanda dā ake kira gandun Kogin Kano, an keɓe shi tun shekarun 1940, aka mai da shi gandun namun daji a shekarun 1960. Faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, hanyar Jos kuma ta ratsa shi. Gaba da shi akwai duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Can ruwan sama ya fi na Tofa yawa, ciyawa takan shanye tsayin mutum, itace kuma ba shi da mai shi.

Duk wanda na yi wa zancen zuwa can, tambayarsa ta farko ita ce zaki da kura. Wannan tsoron tatsuniya ne. Zaki ya yi ƙaranci ƙwarai a Nijeriya, kura kuwa gudun taron mutane take yi da rana. Abin da mai tafiya zai fi haɗuwa da shi gwaggon biri ne da jan biri da gada, in ya yi sa'a ya hangi mugun dawa ya ɗaga wutsiya yana gudu. Gwaggon biri ma ba ya kula mutum sai an jefe shi ko an nuna masa abinci. Abubuwan da ke kayar da mutum ƙanana ne, kuma na farkonsu ƙishirwa.

Na ga wannan da idona. Mun taɓa fita da ɗalibai goma sha biyu cikin watan Afrilu, muka raina dutsen da muka hanga, kowa ya riƙe 'yar gora guda. Dutse kuwa maƙaryaci ne: abin da ka ɗauka ƙololuwa, in ka isa sai ka tarar kafaɗa ce. Kafin azahar ruwa ya ƙare. Mafi ƙarfin cikinmu shi ya fara yin shiru, sa'an nan ya soma magana ba kan gado. Wani makiyayi ne ya cece mu da ƙwaryar ruwa, ya kuma nuna mana hanyar shanu. Laifin nawa ne, ni da na ja su. A zafin bazara, da yakan kai digiri 40, mai hawa yana iya zubar da gumi lita guda cikin awa ɗaya. Don haka lita uku ko huɗu ga kowane mutum ba almubazzaranci ba ne. A riƙe gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita guda. Wanda ya rikice, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a nemi asibiti. Ruwan kududdufi kuwa, ko da yake an tabbatar da kawar da kurkunu daga Nijeriya a 2013, tsargiya tana nan, kuma ta fata take shiga. Kada a yi wanka a ciki.

Sauka ta fi hawa haɗari. Mai hawa yana ganin inda zai sa ƙafa, mai sauka kuwa ya gaji, nauyinsa yana tura shi, falalen dutse in ya sha raɓa ko yayyafi santsi gare shi kamar sabulu. Silifas ba takalmin dutse ba ne. Rana kuma a ƙasarmu ba ta jan rai: in ta faɗi, kafin rabin awa duhu ya rufe. Wanda la'asar ta same shi a bisa, ya juyo ko da saura taku ɗari. Da damina, in hadari ya haɗo, a bar ƙololuwa da gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai saboda tsawa, kada kuma a yi zango a cikin busasshiyar ƙorama, don ruwan da aka yi a wani wuri yana iya iso ta ba sallama.

Sai maciji, wanda ya cancanci a daɗe a kansa. Uku ne abin lura: kasa, da gamsheƙa mai tofi, da kububuwa. Kasa ba ta gudu, kwanciya take yi a hanya har a taka ta. Gamsheƙa ido take nema, maganin farko kuwa shi ne a wanke idon da ruwa mai yawa nan take. Amma kububuwa, wadda sau da yawa ba ta wuce kamu ɗaya ba, ita ce ta fi kashe mutane a wannan sashe na Afirka. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai ga ƙafa ta ɗan kumbura kawai, ya ce da sauƙi, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya soma fita ta dasashi da tsofaffin miki, wani lokaci ya zuba a cikin kai. Likita David Warrell da abokan aikinsa sun yi nazarin wannan a Zariya cikin shekarun 1970, kuma gwajin da ake yi har yau mai sauƙi ne: a zuba jinin mutum a tsabtatacciyar kwalba, a ajiye minti 20, in bai daskare ba dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya yi suna a kan wannan aiki, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Abin da muka gada na ɗaure ƙafa tamau da tsagawa da tsotsa da manna baƙin dutse, duk ba ya fitar da dafi. Ɗaurin yana iya ruɓar da ƙafar, tsagar kuma ƙofa ce aka buɗe wa jinin da ba zai tsaya ba. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a nufi asibiti, ko da ya rantse lafiyarsa lau. Rigakafinsa kuwa takalmi mai rufe idon sawu ne, da sanda, da tocila da dare, da hana hannu shiga ramin da ido bai gani ba.

Ƙudan zuma ma sukan yi gida a tsagar dutse, kuma turare da hayaniya suna tayar da su. Masu fesa turare kafin fita su ji.

Saura abu guda, wanda ba na jin daɗin faɗarsa. A shekarun 2010 ɓarayin shanu da masu satar mutane sun sami mafaka a Falgore, har hukuma ta kai sojoji dajin, duwatsun Zamfara kuwa abin ya fi haka muni. Wannan hali yana sauyawa daga wata zuwa wata, ba a kuma sanin sa daga ofis a Kano. Mai niyyar zuwa ya fara da ma'aikatan gandun daji, sa'an nan ya sauka wurin dagaci ko mai unguwa ya gabatar da kansa, ya roƙi a haɗa shi da maharbi ko makiyayin da ya san wurin, ya kuma biya shi haƙƙinsa. Da ɗan gari akan ci gari. Waya ba abin dogaro ba ce, don a bayan dutse sau da yawa ba ta kamawa. In mutanen wurin suka ce kada a shiga bana, a komo gida, a kai ɗaliban Dala ko Goron Dutse, a jira baɗi.