Burtali da Takardar Yarjejeniya: Makiyayan Ƙaraye da Rogo

Da zarar an kawar da amfanin gona a ƙasar Ƙaraye da Rogo, sai garkunan shanu su fara shiga gonaki suna cin kara da sauran tarkace, su bar wa manomi taki. Masana halittu suna kiran irin wannan zama cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Amma da takin zamani ya yawaita, aka kuma kammala madatsar ruwan Challawa a 1992 noman rani ya bunƙasa, sai buƙatar manomi ga makiyayi ta ragu. Burtali da mashaya suka fara tsukewa. Makiyayin da ke yawo kuwa 'yan tsiraru ne a kowane gari ya sauka, ba shi da gona, ba shi da murya a majalisar ƙaramar hukuma.

A takarda kam yana da kariya. A 1998 shugabannin ƙungiyar ECOWAS sun amince a Abuja cewa makiyayi na iya ƙetare iyakar ƙasashen ƙungiyar, muddin yana riƙe da takardar shaida mai nuna yawan dabbobinsa, da rigakafin da aka yi musu, da hanyar da zai bi. To, wa ke tabbatar da wannan alkawari?

Abin da ya faru a gabashin Turai yana taimakawa wajen fahimtar matsalar. Bayan rushewar mulkin gurguzu, Tarayyar Turai ta gindaya sharaɗi a Kofanhagen a 1993, cewa duk ƙasar da ke son shiga sai ta kare 'yan tsirarunta. Ƙasar Sulobakiya, inda kusan kashi ɗaya cikin goma na jama'a a lokacin 'yan asalin Hangari ne, ta kafa dokar amfani da harsunan 'yan tsiraru a 1999, aka kuma karɓe ta a 2004. Shekara biyar kacal bayan haka, watau a 2009, ta tsaurara dokar harshen ƙasa har da tarar da ta kai Yuro 5,000. Kafin shiga akwai abin da za a hana ta in ta ƙi. Bayan ta shiga, wannan sanda ta faɗi.

Lamarin makiyaya ya ma fi rauni, domin ECOWAS ba ta taɓa sa kare burtali ya zama sharaɗin zama a cikinta ba. Daɗin daɗawa, a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar, alhali daga Nijar garkuna da dama ke gangarowa kudu da rani. Saboda haka idan gona ta cinye burtali a wani ƙauyen Rogo, shari'ar tana ƙarewa ne a zauren dagaci, tsakanin mai unguwa da arɗo, ko kuma ta haura zuwa fadar Sarkin Ƙaraye, wanda dokar Jihar Kano ta 2024 ta sa ƙananan hukumomin biyu a ƙarƙashinsa.