Gargaɗi: Likitar da Aka Kira Daga Gida Ita Ma a Duba Ta

Wannan kira ne ga jama'ar gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, da ma'aikatan jinya na cibiyoyin lafiya na CSI da ƙananan gidajen likita na karkara, da shugabanninsu. Duk ma'aikacin jinyar da aka ɗauko daga gida ba a bakin aiki ba, ya tsuguna a kan yaron da ke tsakanin rai da mutuwa, to a sa masa ido har wata guda, ko yaron ya tashi ko bai tashi ba. Kada a bar shi shi kaɗai a daren farko. Kada a tsare shi da tambayoyi, kada a miƙa masa ƙwayar barci, kuma kada kowa ya ce masa ai ya saba.

Daga Yuli zuwa Oktoba ne haɗarin da ke samun yara ya fi yawa a wannan yanki. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini da rani sun zama kududdufai a bayan gari. Kwarin Majiya yana kawo ruwa, madatsun Mozage da Zango sun cika, magudanan noman rani na Ƙonni sun zama wurin wankan yara. A garake na albasa da ke kewayen Galmi akwai rijiyoyi marasa murfi, bakinsu daidai da ƙasa. Babbar hanyar RN1 ta ratsa Ƙonni da Tsarnawa da Malbaza, manyan motocin siminti da na albasa suna wucewa ta tsakiyar ƴan talla da ƴan kabu-kabu. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro da ke sa yaro sanƙarewa cikin dare, duk da maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida ga ƴan wata 3 zuwa wata 59. Damina ta 2024 ta nuna mana iyakar abin: ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa ya ci mutum kusan 300,000 a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5.

In abu ya faru a ƙauye ko a lungun unguwa, ba a fara tuna lambar 18 ta ƴan kwana-kwana. Gidan likita ake rugawa a buga ƙofa. Likitar ta fito da zanen da take tuƙa tuwo, babu safar hannu, babu iskar oksijin, babu jakar hura numfashi, babu abokin aikin da zai karɓe ta in hannunta ya gaji. Mutane sun yi da'ira, uwa tana birgima a ƙasa, kowa idonsa a kanta. Yaron kuwa ba baƙo ba ne. Wataƙila ita ta yi masa allurar rigakafi, ita ta auna shi a sikeli, ko da ɗanta suke zuwa makarantar allo. A ɗakin jinya akwai farar riga da ƙofar da ake rufewa da takardar da ake cikewa, in lokaci ya yi a miƙa aiki ga wani a tafi gida. Wannan kuwa a gida ya same ta, gobe ta gefen tafkin nan za ta bi ta je kasuwa, kuma da uwar yaron za su haɗu a famfo.

Masu maganar bayan ido su saurara. Ƙwaƙwalwar mutum tana fara lalacewa in ta yi minti 4 zuwa 6 babu iska. Ko a Amurka, inda motar asibiti ke isowa cikin ƴan mintoci da na'urori a cikinta, wanda zuciyarsa ta tsaya a waje da asibiti kusan ɗaya cikin goma ne ke rayuwa. To ina ga yaron da ba a san tun yaushe yake cikin ruwa ba, sai da aka ga takalminsa a bakin rami? Ina ga wanda za a ɗora a babur ko amalanke a nufi asibitin gunduma, ko asibitin Galmi da mishan SIM ta buɗe tun 1950, a kan hanyar da ruwa ya yanke? Wanda ya ce "ina amfanin karatun nata," ko "da ta zo da wuri," ya yi zalunci, kuma jahilci ne ya sa shi. Sau da yawa ma taron ne ke cinye mintocin: a rataye yaro kai ƙasa wai ruwa ya fita, a danne masa ciki, a cusa cokali a bakin mai sanƙarewa, a yi masa hayaƙi, a ɗura masa jiƙo yana sume. Duk wannan ɓarna ce. Mai son taimako ya kori mutane baya, ya haska fitila, ya nemo abin hawa, ya bi abin da likitar ta ce.

Ƴar'uwa ma'aikaciyar jinya, akwai abin da ba ya jira. In jini ya taɓa miki ciwo a hannu, ko ya shiga ido ko baki, ki wanke nan take, fata da ruwa da sabulu, ido da baki da ruwa mai tsabta, sannan ki sanar da majo, wato shugaban cibiyarku, a ranar. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi cikin awa 72, gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, kuma a duba batun rigakafin ciwon hanta. Kafin ki kwanta ki rubuta abin da ya faru a takarda: ƙarfe nawa aka kira ki, yadda kika tarar da yaron, abin da kika yi, inda aka kai shi. Takardar za ta yi amfani in jandarmomi sun zo, za ta kuma yi miki amfani ranar da zuciya ta fara raya miki cewa ba ki yi komai ba. Ku kuma masu waya, hoton gawar ɗan mutane ba abin turawa a WhatsApp ko Facebook ba ne. Uwarsa za ta gani, likitar ma za ta gani, sau goma a rana.

Abin da zai biyo baya sananne ne. Barci ya ƙi zuwa, in ya zo a farka a firgice. Fuskar yaron ta riƙa dawowa ana tsakiyar salla ko ana cin abinci. Hannu ya yi rawa, abinci ya fita rai, kukan kowane yaro ya sa gaba ya faɗi. Wata ta hana ƴaƴanta leƙa ƙofar gida, wata ta ji ba ta jin komai, har ta tsargu ko zuciyarta ta ƙeƙashe. Namiji ya fi nuna nasa da faɗa a gida, ko daɗewa a fada yana shan shayi har tsakar dare don kada ya kwanta ya rufe ido. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Jiki ne bai gama yarda cewa haɗarin ya wuce ba. Zuwa sadakar uku abin yana da zafi, bayan ta bakwai yawancin mutane sukan fara samun sauƙi kaɗan-kaɗan. Mu mutane ne masu kunya da dangana, kuma dangana gaskiya ce: kwanan yaro in ya ƙare babu mai ƙara masa. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Babu wanda ya isa ya hana likita kuka da sunan haƙuri.

Babban abin tsoro shi ne ƙwaya. Wanzami ba ya son jarfa, ma'aikacin lafiya kuma ba ya son zama a kan bencin marasa lafiya, ga shi makullin kabad ɗin magani a aljihunsa. Diyazefam ɗin da ake ajiyewa don yaro mai sanƙarewa yana nan kusa, tramol kuma ba ya wuyar samu a tebur a garuruwan kan iyaka. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a fili cewa kada a ba da magunguna irin su diyazefam don rage firgici ko rashin barci a watan farko bayan mummunan abu ya faru. Suna kawo barci na dare ɗaya ko biyu, amma suna iya jinkirta warkewa, ga kuma sabo. Wanda ya sha da dare ya zo da safe yana lissafin maganin jariri gwargwadon nauyinsa, kuskuren ɗigo ɗaya a lissafin nan rai ne. Abokin aikin da ya lura kwalaben sun fara raguwa ba tare da an rubuta ba, ya yi magana da mai abin a keɓe a yau, kada ya jira ranar ƙidaya.

Majo, da shugabannin lafiya na gunduma, nauyin ya fi yawa a kanku. Kada wanda wannan abu ya same shi da la'asar ya kwana gadi shi kaɗai da dare. A sauya jadawali, a haɗa shi da wani na ƴan kwanaki, a ba shi aiki mara nauyi. Dogon hutu shi kaɗai a ɗaki ba lallai ya taimaka ba. A tambaye shi abin da yake so. Kada kuma a tara ma'aikata a ce ya maimaita labarin daga farko har ƙarshe wai don ya fitar da abin da ke ransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan irin wannan zama na sau ɗaya da ake tilasta mutum ya tono abin da ya gani. Abin da ta shimfiɗa a jagorar taimakon farko ga wanda ya firgita, wadda ta fito a 2011, mai sauƙi ne: a lura da halin da mutum ke ciki, a saurare shi in yana son magana, a sada shi da wanda zai taimake shi. Ku fi tunawa da wanda ke zaune shi kaɗai a ƙaramin gidan likita na ƙauye a ƙasar Tajaye ko Alela ko Dogarawa, wanda babu abokin aikin da zai ga idonsa ya faɗa. Kiran waya na minti biyar kowace yamma ba ya cin kasafin kowa.

Wanda ya ga kamar tausayi kawai ake nema, ya sake lissafi. Tun 2006 gwamnati ta ce jinyar yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, amma hannun mutum ne ke neman jijiya a jikin yaron da gudawa ta tsotse. In hannun nan ya fara rawa, in mai shi ya fara tura kowane yaro gaba don tsoro, ko ya nemi canjin wurin aiki, ko ya ajiye aikin ya kama kasuwanci, ƙauyuka nawa ne za su koma tafiyar kilomita masu yawa a kan zazzaɓi? Yaron da ke biye shi zai biya.

Maigida, in matarka ce, ka ɗauke mata girki da hidimar yara na kwana biyu, ka tare mata masu zuwa jin "yaya aka yi." Uwargida, in mijinki ne, kada ki ɗauki shirunsa a matsayin wulaƙanci. Liman da maigari, in ana zaman ta'aziyya ku faɗa a gaban jama'a cewa likita ta yi iyakar ƙoƙarinta, Allah ya saka mata. Kalma ɗaya daga bakinku tana kashe tsegumin wata guda. Iyayen yaron ma, in zuciya ta ɗan lafa, "sannu da ƙoƙari" daga bakinku ta fi kowane magani tasiri a wurinta.

In wata guda ya cika babu sauƙi, barci bai dawo ba, ana kauce wa yara ko wurin da abin ya faru, ana kasa aiki, to ya zama ciwon da ke buƙatar ƙwararre, kuma yana da magani, mafi yawa ta zama da tattaunawa a tsare. Kada a bari sadakar arba'in ta wuce ana cewa zai wuce. A fara da likitan asibitin gunduma, shi zai tura babban asibitin jiha a Tawa, in ta kama har sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa a Yamai, wanda aka fi sani da Pavillon E. Ga masu iya ƙetarawa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayyar Najeriya a Kware, kan hanyar Illelar Najeriya zuwa Sakkwato. Addu'a da rubutun sha ba su hana zuwa asibiti, kada a tsaya a kansu kaɗai ana cewa iska ce.

Akwai kuma halin da ba a jiran wata, ba a jiran gobe. In kuka ji likitar ta ce gara ta mutu, ko ita ta kashe yaron ba ta cancanci rayuwa ba, ko ta fara rabar da kayanta tana neman gafara ba dalili, ku tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta; tambayar ba ta jefa mutum cikin abin. Ku karɓi makullin magani, ku kawar da maganin ƙwari na gona daga gidan, wani ya zauna tare da ita dare da rana, ku kai ta asibitin gunduma a ranar. Duk wanda wannan gargaɗi ya iso gare shi, ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, ya kuma kai shi ga majon CSI mafi kusa da shi.