Gani a Ƙeya Yake: Abin da Gangamin Aikin Ido Ke Mantawa da Shi

A duk Alhamis ta biyu ta watan Oktoba, lokacin da ake bikin Ranar Gani ta Duniya, labaran aikin ido kyauta da ake yaɗawa galibi na dattawa ne da aka cire wa yana ko aka raba wa tabarau, har jama'a suka ɗauka cewa matsalar idon yaro na iya jira sai ya girma. Wannan zato ya ci karo da abin da kimiyya ta tabbatar tun fiye da shekara 60.

Haske yana sauka ne a kan retina, wato tantanin da ke shimfiɗe a ƙarshen ido, inda ƙwayoyin jijiya ke auna bambancin haske da duhu, sannan saƙon ya ratsa tsakiyar ƙwaƙwalwa ya isa sashenta na ƙeya. A 1959, David Hubel da Torsten Wiesel, da ke bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, suka nuna cewa ƙwayoyin wannan sashe a ƙwaƙwalwar mage layi suke amsawa, kuma kowace da karkatar da take so: wata na tsaye, wata na kwance, wata na gicciye, kuma da an juya layin sai ta yi shiru. Da taimakon irin waɗannan ƙwayoyi ne ɗan makarantar allo a Rano ke rarrabe miƙewar alifi da kwanciyar ba.

Abin da ya fi shafar iyaye shi ne, wannan tsari yana da ƙayyadadden lokacin ginuwa. A 1963 masanan biyu suka gano cewa ɗan magen da aka rufe wa ido ɗaya a farkon rayuwarsa yakan rasa gani da shi ko da an buɗe, alhali idon lafiya lau yake. A 1970 kuma, Colin Blakemore da Grahame Cooper suka reni 'ya'yan mage a Kambirij cikin wurin da babu komai sai layuka masu fuskanta ɗaya, sai suka tashi da raunin ganin layukan da ba su saba da su ba. Hubel da Wiesel sun samu kyautar Nobel a 1981.

Saboda haka jaririn da aka haifa da yana yana buƙatar aiki cikin makonnin farko, kuma yaro mai hararar garke, ko wanda lanƙwasar gaban idonsa ba ta daidaita ba har wasu layuka ke dushe masa, magani ya fi yi masa amfani kafin ya kai kimanin shekara 7. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wajibi ne hukumomin lafiya na Rano da Kibiya a Jihar Kano su sa duba ido cikin aikin ranakun rigakafi, su riƙa tura yaran da aka ga alama zuwa Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, iyaye kuma su daina hana yara tabarau don tsoron wai yana ƙara kashe ido.