BABI NA UKU: ƘAURA DAGA MANHAJOJIN ƊAFI ZUWA BUƊAƊƊUN ƘA'IDOJIN INTANET

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana yadda aka bar amfani da manhajojin ɗafi a shafukan intanet, da kuma abin da wannan sauyi ya jawo wa masu amfani da intanet a Ƙaramar Hukumar Tarauni. An aro kalmar ɗafi ne daga nahawu. Kamar yadda ɗafi ba ya tsayuwa da ƙafarsa sai an liƙa shi a jikin saiwar kalma, haka ita ma wannan manhaja ba ta aiki sai an liƙa ta a jikin burawza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita.

3.1 Zamanin Ɗafi

A farkon al'amari burawza ba ta iya nuna komai sai rubutu da hoto. Don haka a shekarar 1995 kamfanin Netscape ya buɗe wata kafa mai suna NPAPI, wadda ta ba wasu kamfanoni damar cusa nasu manhajojin a cikin shafi. A wannan shekara ce Java ta kamfanin Sun ta fito, Flash ta biyo baya a 1996, sannan Microsoft ya kawo Silverlight a 2007. Da su ake kallon bidiyo, da sauraron rediyo, da wasanni, da cike wasu fom-fom na hukuma.

A shagunan intanet, waɗanda aka fi sani da kafe, irin na Titin Zoo da Gyaɗi-Gyaɗi, sanya waɗannan manhajoji da sabunta su yana cikin aikin mai shago. Idan shafi ya nemi sabuwar Flash, to, sai an sauke ta tukuna, alhali lokacin da mutum ya biya yana ta tafiya. Wanda bai san dalili ba cewa yake yi layi ne ba kyau.

Amma babban abin lura a nan shi ne, yawancin jama'a ba ta kwamfuta suka shiga intanet ba. Bayan zuwan wayar GSM Nijeriya a 2001, da bunƙasar kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni, waya ce ta zama ƙofar talaka. Burawzar Opera Mini, wadda aka fi so saboda ba ta cin data, ba ta ɗaukar Flash ko kaɗan. Ke nan duk shafin da aka gina a kan ɗafi a rufe yake ga mai waya tun ma kafin kamfanoni su yanke shawarar kashe shi.

3.2 Yadda Aka Janye Su

Wayar iPhone ta fito a 2007 ba tare da Flash ba, kuma a watan Afrilun 2010 shugaban Apple, Steve Jobs, ya fitar da wasiƙa yana sukar ta kan rashin tsaro da cin batir. A 2011 kamfanin Adobe, wanda ya mallaki Flash tun 2005, ya daina gina ta domin waya. Ƙungiyar W3C ta tabbatar da ƙa'idar HTML5 a watan Oktoban 2014. Chrome ta toshe kafar NPAPI a 2015, Firefox ta bi sahu a 2017. Daga ƙarshe Adobe ya janye hannunsa daga Flash ranar 31 ga Disamban 2020, kuma daga 12 ga Janairun 2021 manhajar ta ƙi buɗe komai.

3.3 Aikin Ƙaura

Buɗaɗɗiyar ƙa'ida ita ce wadda aka rubuta a fili, kowa zai iya karantawa ya gina burawzar da za ta bi ta, ba tare da neman iznin wani kamfani ba. Ana iya kwatanta ta da ƙa'idojin rubutun Hausa, waɗanda ba mallakar wata maɗaba'a ba ne.

Ba dukkan ƙaura ce ke da wuya ba. Bidiyo da sauti su ne masu sauƙi, domin juya su kawai ake yi zuwa MP4 ko MP3, burawza ta kunna da kanta. YouTube ma haka ya yi a Janairun 2015. Wahalar tana ga manhajojin da ke da lissafi a cikinsu, kamar darussan makaranta masu tambaya da amsa. An rubuta na Flash da harshen ActionScript, ita kuwa burawza JavaScript take ji, saboda haka sai an sake rubutawa. Bugu da ƙari, fayil ɗin SWF da ke kan shafi dafaffe ne. Ɗanyen, wato FLA, yana hannun wanda ya yi aikin. Inda aka ba da kwangila shekaru goma da suka wuce, ɗan kwangila ya kama gabansa da ɗanyen fayil, to, gyara ya zama sabon gini. Wannan sakaci ne na mai ba da aiki, ba laifin fasaha ba.

Mafi tsauri su ne manhajojin Java da ke magana da na'ura kai tsaye, kamar ta ɗaukar zanen yatsa. Da gangan aka hana burawzar zamani taɓa cikin kwamfuta yadda ta ga dama, domin ta wannan kafa ce masu kutse suka sha shigowa. Akan warware matsalar ta hanyar sanya wata ƙaramar manhaja daban a kan kwamfutar, shafi ya riƙa aika mata saƙo. A gaskiya wannan rabin ƙaura ce, tunda har yanzu mai waya ba zai iya ba, sai ya nemi kafe.

Jinkiri kuwa yana da tsada. Hukumar tara haraji ta Afirka ta Kudu, SARS, ba ta gama kwashe fom-fom ɗinta daga Flash ba har wa'adi ya cika, sai da ta fitar da burawzarta ta musamman a Janairun 2021 domin mutane su iya shigar da bayanan harajinsu. Wannan kuwa bayan sanarwar da Adobe ya yi tun Yulin 2017.

Akwai wani ɓangare da ya shafi Hausa musamman. Kafin Unicode ta yaɗu, akan rubuta ɓ da ɗ da ƙ ne da keɓaɓɓun haruffan kwamfuta, irin Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira. Sun yi amfani ƙwarai a lokacinsu, sai dai a irin wannan tsari wani harafi ake yi wa sabuwar riga, don haka in kwamfuta ba ta da rigar sai baƙin ya fito a wata kama. Mai kwashe tsohon rubutu zuwa HTML5 dole ne ya mayar da kowane baƙi mai lanƙwasa lambarsa ta Unicode, in ba haka ba mai neman "ƙasa" ba zai same ta ba, ko kuma ya tarar da "kasa".

Abin da ba a samu mai sake rubuta shi ba, akan gwada buɗe shi da Ruffle, wata manhaja da ke kwaikwayon Flash a cikin burawza ta amfani da WebAssembly. Taskar Internet Archive ta fara aiki da ita a Nuwamban 2020. Sai dai Ruffle fayil take buɗewa. Idan wurin da aka ajiye shi ya rufe kuma ba wanda ya kwafa, ba ta da abin da za ta buɗe.