Ko Kun Sani? Tsayi, Tsayuwa da Tashi

Madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙaramar hukumar Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, tsayinta ya kai mita 42, tsawonta kuma ya kusa kilomita 8. A bakin Bahaushe "tsayi" da "tsawo" sukan shiga gurbin juna, ko abu ya miƙe sama ne ko ya shimfiɗe a ƙasa. Zancen da ake yi ne ke fayyace wanda ake nufi.

"Tsaya" ta fi ban sha'awa. Direba ya tsaya, wato ya daina tafiya. Amma in aka ce wata ya tsaya, fitowa ya yi, gobe sai azumi ko sallah. Ɗan siyasa yana tsayawa takara, kawu yana tsaya wa maraya har ya kama ƙasa. Mutumin da ba a juya shi a kan gaskiya kuwa, shi ake kira tsayayye, kuma yabo ne mai nauyi.

"Tashi" ma haka take. A kasuwar Rogo, in farashin masara ya tashi, sama ya yi. In kasuwar ce ta tashi, an watse ke nan, 'yan tireda na ɗaure kaya, kowa ya kama hanyar gida.